Zaɓen Dandalin Rubuta Manhaja a Nijeriya: Nazari Kan Guraben Aiki da Albashi

Tsakure

Wannan takarda ta kwatanta manyan dandalolin rubuta manhaja da matasan Nijeriya ke zaɓa a tsakaninsu, wato Java da .NET da JavaScript da PHP da Python da dandalolin manhajar waya, ta fuskar yawan guraben aiki da albashi da ɗorewar sana'a. Hujjar da takardar ta tsaya a kanta ita ce, jadawalin albashi da ake jerawa bisa harsunan kwamfuta yana ɓatar da ɗalibi, domin abin da ke yanke yawan albashi shi ne wanda ya ɗauki mutum aiki, da kuɗin da yake biya da shi, da shekarun gogewar ma'aikacin. Tasirin dandali na haƙiƙa yana wajen samun aikin farko, don haka da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Gabatarwa

Tun daga lokacin da Ma'aikatar Sadarwa da Ƙirƙira da Tattalin Arzikin Zamani, ƙarƙashin minista Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen shekarar 2023 da burin horas da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani, tambayar da ta fi yawa a bakin masu shiga fagen ita ce: wane harshen kwamfuta zan koya? An fara shirin da mutum 30,000, sannan aka buɗe wa wasu 270,000 a zango na biyu, kuma da yawansu ba su da wani na gaba a gida ko a unguwa da ya taɓa yin wannan sana'a balle ya ba su shawara. Sai su koma ga intanet, inda amsar da ta fi saurin fitowa ita ce jadawalin da ke nuna cewa masu harshe kaza suna karɓar dala kaza a shekara. Matashin da ke Kano ko Zariya ko Gusau yakan ɗauki wannan jadawali a matsayin taswirar rayuwarsa, ya kashe wata shida ko shekara guda, da kuɗin data da na cajin kwamfuta, a kan hanyar da wataƙila ba ta da ƙofar shiga a inda yake. Wannan asara ce ta gaske, kuma ita ce ta sa batun ya cancanci a zauna a kansa.

Abin da jadawalin albashi ke ɓoyewa

Mafi shaharar irin waɗannan alƙaluma su ne na binciken da shafin masu rubuta manhaja na Stack Overflow ke yi duk shekara. A 2023 kimanin mutum 90,000 suka amsa tambayoyinsa, a 2024 kuma kimanin 65,000. A shekarar 2022 harshen Clojure ne a saman jerin albashi, a 2023 Zig ya hau, a 2024 kuma Erlang, yayin da PHP da Dart suka daɗe suna can ƙasa. Wanda ya karanta wannan a gurguje zai ce ashe Erlang ce hanyar arziki, PHP kuwa ta talauci. To amma su wane ne ke rubuta Erlang? Harshe ne da aka ƙirƙira a kamfanin Ericsson tun cikin shekarun 1980 domin na'urorin sadarwa, kuma a kansa WhatsApp ya gina tsarin aika saƙonninsa. Masu aiki da shi tsiraru ne, galibinsu gogaggu da suka shafe shekaru suna sana'ar, kuma mazauna Turai da Amurka ne. Dart kuwa harshen Flutter ne, dandalin gina manhajar waya wanda sigarsa ta farko cikakkiya ta fito a Disambar 2018, don haka masu shi sababbin hannu ne, kuma ya fi karɓuwa a ƙasashen da albashi ba shi da yawa tun asali. Ashe ke nan jadawalin ya auna shekarun gogewa da ƙasar da mutum ke zaune, sannan ya liƙa wa sakamakon sunan harshe. Ƙari a kan haka, kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu amsa binciken daga Amurka suke, sai Jamus da Indiya da Birtaniya, kuma duk wanda ya amsa shi ya kawo kansa, ba a zaɓo shi bisa ƙa'idar ɗaukar samfuri ba. Binciken yana da amfaninsa wajen gane inda sana'ar ta dosa a duniya, amma ba a yi shi domin ya gaya wa ɗalibin Jami'ar Bayero abin da za a biya shi bayan bautar ƙasa ba.

A Nijeriya babu abin da ya raba albashin masu rubuta manhaja gida biyu kamar kuɗin da ake biyan su da shi. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Banki ya saki farashin naira, dala ɗaya a hukumance ba ta wuce naira 460 da ɗoriya ba. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ma'aikacin da wani kamfanin waje ke biya dala 1,000 a wata ya ga kuɗinsa ya tashi daga kusan naira 460,000 a lissafin hukuma zuwa miliyan ɗaya da rabi, ba tare da ya ƙara koyon ko layi ɗaya ba. Abokin karatunsa da ke rubuta harshe iri ɗaya a wani kamfani na cikin gida bai ga irin wannan ƙari ba, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024. Su biyun suna iya kasancewa a kan React ko Laravel, da ƙwarewa kusan ɗaya. Rahoton da Google da Accenture suka fitar kan shekarar 2021 ya ƙiyasta masu sana'ar a Afirka sun kai 716,000, kuma kashi 38 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya suna yi wa aƙalla kamfani ɗaya na wajen nahiyar aiki. Wannan kaso shi ke ja matsakaicin albashi sama a kowane dandali. Lamarin ya yi kama da na teloli biyu masu keken ɗinki iri ɗaya, ɗaya yana yi wa 'yan makaranta yunifom, ɗaya yana yi wa attajirai manyan riguna. Wanda ya ce bambancin abin da suke samu daga keken yake ya kalli inda bai kamata ba.

Inda dandali ke da tasiri

Faɗin haka ba ya nufin zaɓen dandali aikin banza ne. Kowane dandali yana da irin masu ɗaukar aikin da suka taru a kansa, da garin da suke, da kuɗin da mai koyo zai kashe kafin ya iya nuna wani abu da ya gina. A nan ne kwatancin ke da ma'ana.

Java, wadda ta fito a 1995 daga kamfanin Sun Microsystems kafin Oracle ya saye shi a 2010, da .NET ta Microsoft wadda ta fito a 2002, su ne ginshiƙin bankuna da kamfanonin sadarwa da manyan kamfanonin hada-hadar kuɗi. Bankunan Nijeriya suna gudana ne a kan manyan manhajoji irin su Finacle na Infosys da Flexcube na Oracle da T24 na Temenos, kuma a gefen waɗannan akwai ɗimbin ƙananan manhajoji na cikin gida da ke haɗa su da wayar abokin ciniki da injin POS da NIBSS mai tura kuɗi tsakanin bankuna, mafi yawansu da Java ko C# na .NET aka rubuta su. Tallan guraben aiki na kamfanoni irin su Interswitch da Moniepoint sukan nemi Java da Spring Boot. Aikin nan yana da tsani da mutum zai riƙa hawa, yana da fansho da inshorar lafiya, kuma manhajar banki ba a sauya ta da garaje, don haka ƙwarewar ba ta saurin tsufa. Amma ƙofarsa ƙunci gare ta. Ana yawan neman digiri mai kyau da shaidar bautar ƙasa, wani lokaci har da iyakar shekaru, sannan kusan dukkan hedikwatocin suna Legas, in ban da tsiraru irin su Jaiz da TAJ da ke Abuja. Ga matashin Arewa, zaɓen Java ko .NET domin aikin banki kusan yana nufin zaɓen ƙaura, da hayar ɗaki a Legas tun kafin albashin farko ya shigo. Ga mace mai aure ko wadda iyayenta ba za su bar ta ta yi nisa ba, wannan sharaɗi kaɗai na iya rufe hanyar, kuma ba daidai ba ne mai ba da shawara ya yi shiru a kansa.

JavaScript tana da wata daraja da babu mai ita, domin ita ce harshen da kowace burauza ke fahimta kai tsaye. Bayan fitowar Node.js a 2009 ta shiga ɓangaren uwar garke, React kuma ya zo a 2013, sai React Native a 2015 ya kai ta wayar hannu. Shi ya sa ta shafe fiye da shekara goma tana kan gaba wajen yawan masu amfani a binciken Stack Overflow, kuma sababbin kamfanoni na gida da na waje sun fi neman ta tare da TypeScript. Kayan koyonta ba su da tsada, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da burauza sun isa. Sai dai wannan sauƙi shi ne kuma matsalarta, domin duk cibiyar horaswa ta wata uku ita take koyarwa, har masu neman gurbin sabon shiga suka yi wa guraben yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya tsaya a kan tsara fuskar shafi kawai yana gasa da dubban mutane daga Legas zuwa Lahore. Wanda ya ƙara da sanin rumbun bayanai da gwajin manhaja da ɗora ta a uwar garke ya fita daga wannan cunkoso.

PHP ta cancanci a tsaya a kanta fiye da yadda aka saba, domin ita aka fi rainawa a hirar masu sana'a alhali ita ta fi ciyar da sababbin shiga a garuruwanmu. Alƙaluman W3Techs sun nuna cewa WordPress, wanda da PHP aka gina shi, yana ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya. Moodle da jami'o'i ke koyarwa ta kansa shi ma PHP ne, kuma Laravel da ya fito a 2011 ya gyara mata tsari ƙwarai. Wa ke buƙatar manhaja a Kano ko Katsina ko Sakkwato yau? Makarantar kuɗi mai son shafin duba sakamako da biyan kuɗin zango, asibiti mai son ajiye bayanan marasa lafiya, kantin magani mai son lissafin kaya, jaridar intanet, ƙungiyar agaji. Waɗannan ba sa tallata gurbi a LinkedIn, ta hannun sani ake samun aikinsu, kuma kuɗin da za su iya biya na wurin ajiye shafi mai rahusa ne, wanda kusan kullum PHP da MySQL yake ɗauka. Kuɗin kwangilar ba shi da yawa, biyan ma yakan yi jinkiri, kuma mutum yakan yi aiki shi kaɗai ba tare da gogagge da zai duba masa rubutunsa ba, abin da ke iya daskarar da shi a mataki ɗaya na shekaru. Duk da haka a nan ne matashi ke fara haɗuwa da abokin ciniki na gaske, da manhajar da ta lalace ranar da iyaye ke layin biyan kuɗi, kuma wannan gogewa ce mai ɗaukar aiki na gaba zai tambaya.

A ɓangaren waya lissafin a fili yake. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na wayoyin zamani a Nijeriya Android ne, kuma Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion su suka cika kasuwa. Rajistar mai ɗora manhaja a Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple kuwa dala 99 ce duk shekara, ga shi Xcode da ake gina manhajar iPhone da shi ba ya aiki sai a kwamfutar Mac. Don haka Swift, harshen manhajar iPhone, duk da cewa masu shi ba su da yawa kuma kamfanonin waje na biyan su da kyau, ya fi ƙarfin aljihun yawancin masu farawa. Kotlin, wadda Google ya fifita wa Android tun 2019, da Flutter mai fitar da manhajar Android da ta iPhone daga rubutu ɗaya, su suka fi dacewa da ƙananan kamfanonin da ba za su iya ɗaukar ma'aikata biyu ba.

Amsa ga masu suka

Suka ta farko ita ce, ai ƙarancin abu ke ɗaga farashinsa, don haka wayo shi ne mutum ya koyi abin da mutane ba su iya ba. Akan kawo misalin COBOL, harshen da aka ƙirƙira a 1959, wanda a Afrilun 2020 gwamnan jihar New Jersey a Amurka ya fito fili yana neman masu iya shi domin tsarin biyan marasa aiki ya gaza ɗaukar cunkoson lokacin annobar korona. Maganar tana da gaskiya ga gogagge. Amma kamfanin da ke neman mai Erlang ko COBOL ko Rust yana nema ne domin wani tsari mai haɗari da ba ya son a yi kuskure a kansa, kuma ba zai miƙa shi ga wanda bai taɓa aiki ba. Ƙarancin masu harshe yana tafiya tare da ƙarancin gurabensa, musamman na matakin farko. Tarihin Andela ya isa shaida a kan yadda kasuwar waje ke kallon sabon hannu. An kafa kamfanin a Legas a 2014 domin ya horas da matasa ya haɗa su da kamfanonin Amurka, amma a Satumbar 2019 ya sallami sababbin injiniyoyi kimanin 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda, bisa dalilin cewa abokan cinikinsa gogaggu suke nema. Waɗancan matasa suna kan dandalolin da ake yayi ne a lokacin, kuma hakan bai cece su ba. Albashin dala da aka ambata a sama gaskiya ne, sai dai hanyar zuwa gare shi takan ratsa ta shekara biyu ko uku na aikin naira, kuma dandalin da ya fi amfani shi ne wanda zai ba mutum waɗannan shekaru.

Suka ta biyu ta shafi Python da ƙirƙirarriyar basira. Rahoton GitHub na 2024 ya nuna Python ta wuce JavaScript a yawan amfani a dandalinsa, kuma babu mai musun cewa nan kuɗin masu zuba jari ya karkata tun bayan fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022. Abin lura shi ne, a aikin nazarin bayanai da horas da na'ura harshen shi ne ɓangare mafi sauƙi. Abin da ake biya dominsa shi ne ilimin ƙididdiga da lissafi da sanin fagen da bayanan suka fito, sau da yawa ma har da digiri na biyu. A Arewa guraben wannan fage sun fi yawa a harkar lafiya da agaji, inda ake aiki da DHIS2 na Jami'ar Oslo wajen tattara bayanan asibitoci, da KoboToolbox da ODK wajen ɗaukar bayanai a karkara, kuma ƙungiyoyi irin su eHealth Africa da ke Kano sun daɗe a wannan layi. Ga wanda ya karanta lissafi ko ƙididdiga ko kiwon lafiyar al'umma, Python da SQL ƙari ne mai daraja sosai. Ga wanda ba shi da ko ɗaya, kwas na wata uku ba zai mai da shi masanin bayanai ba, kuma masu tallan irin waɗannan kwasa-kwasai suna da alhakin faɗin haka tun farko.

Suka ta uku ta fito ne daga malaman jami'a, kuma ita ta fi nauyi. Suna cewa dandali abu ne mai shuɗewa, tushe shi ne abin koyarwa. Tarihi yana bayansu. Adobe ya kashe Flash a ƙarshen 2020, Microsoft ya yi watsi da Windows Phone sannan ya daina tallafa wa Xamarin a Mayun 2024, an rufe AngularJS na farko a ƙarshen 2021, Symbian da BlackBerry da suka taɓa mamaye aljihun 'yan Nijeriya sun zama labari. Duk wanda ya jingina sana'arsa kacokan a kan ɗaya daga cikinsu ya sha wahala. Wannan takarda ta yarda cewa tsarin bayanai da dabarun warware matsala da SQL da Git da fahimtar yadda intanet ke aiki su ne ke bin mutum duk inda ya koma, kuma wanda ya iya Java da kyau ba zai daɗe ba wajen kama C# ko Kotlin. Inda ta saɓa da su shi ne a zaton cewa tushe kaɗai ya isa. Mai ɗaukar aiki ba ya tallata gurbin masanin tushe, yana neman wanda zai buɗe manhajar da ke ƙasa ya gyara ta a makon farko. Tushen ma ba ya zama a kai sai an gina wani abu da shi har ƙarshe a kan dandali guda. Hatsarin mutuwar dandali kuma ana iya auna shi: wanda ke hannun kamfani ɗaya, ba tare da manyan masu amfani a wajensa ba, ya fi saurin faɗuwa a kan wanda dubban hukumomi suka zuba dukiya a cikinsa.

Akwai kuma fargabar cewa manhajojin da ke rubuta manhaja, irin su GitHub Copilot, za su shafe matakin sabon shiga gaba ɗaya, musamman ganin sallamar da aka yi a manyan kamfanoni, Meta mutum 11,000 a Nuwambar 2022, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a Janairun 2023, da rufe cibiyar injiniyoyin Microsoft ta Legas a 2024. Sallamar ta fi alaƙa da ɗaukar ma'aikata fiye da kima a lokacin korona da tashin kuɗin ruwa a Amurka, amma fargabar ba ta rasa tushe ba, domin aikin da na'ura ta fi iyawa shi ne maimaitaccen rubutu a shahararrun harsuna, wato ainihin abin da ake ba sabon ma'aikaci. Sauya harshe ba zai kare mutum daga wannan ba. Abin da ya rage a hannun ɗan Adam shi ne zama da mai makaranta ko akawun asibiti a fahimci abin da yake so da Hausa, a gano inda lissafin ya karkace, a ɗauki alhakin manhajar idan ta tsaya. Wannan ya ƙara wa aikin cikin gida daraja a matsayin makarantar farko.

Abin da ya rataya a wuyan makarantu

Jami'o'i da kwalejojin fasaha suna da damar da ba su taɓa samu ba. Sabon manhajin karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, kuma a 2024 hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE ta rarraba babbar difilomar kimiyyar kwamfuta zuwa fannoni huɗu, ciki har da na gina manhaja da shafukan intanet. Bai kamata a cike wannan gurbi da kwafin abin da wata jami'ar Legas ko ta Ingila ta zaɓa ba. Kowane sashe yana da shaidar da ta fi ta Stack Overflow kusa da gaskiyarsa, wato rahotannin da ɗalibansa ke kawowa daga horon sanin makamar aiki na SIWES da kuma wuraren da tsofaffin ɗalibansa ke aiki. Idan sashe ya tattara waɗannan na shekara biyar, ya rubuta wane kamfani ko ma'aikata ta karɓi ɗalibi, a wane gari, a kan wane dandali, da ko an riƙe shi bayan horon, zai iya yanke shawarar ko Laravel zai koyar a aji uku ko Spring Boot, ya kuma maimaita ƙidayar duk shekara biyu kafin ya sake duba manhajinsa.